Yadda ake rini da baba a gida har tufa ta yi shuɗi mai duhu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shuɗin nan mai duhu da kake gani a rawani ɗan Kura ko a turkudin da Buzaye ke naɗawa, wanda in ka hango shi daga nesa sai ka ce baƙi ne sai ka matso kaga ashe shuɗi ne ya nutse, to ba wani sirrin masana'anta ba ne, ganyen baba ne da toka da ruwa da iska. Kuma zaka iya yin sa a tsakar gidan ku da durom ɗaya. Amma tun yanzu ka riƙe abu guda domin duk aikin a kan sa ya ke tafiya: duhun launi ba daga yawan baba ko daɗewar tufa a cikin ruwa yake zuwa ba, daga yawan tsomawa da fiddawa yake zuwa, a tsoma kaɗan a fito a ba shi iska a sake tsomawa. Wanda ya gane wannan ya gama rabin koyo.

Bari in ɗan faɗa maka dalili dan in ka san dalilin ba sai an riƙa tsaya maka a kai ba. Shunin da ke ba da launin nan baya narkewa a ruwa, ko ka kwana kana dama shi sai dai ya kwanta a ƙasa, kuma abin da bai narke ba ba zai shiga cikin zaren auduga ba, sai dai ya ɗafe a sama ya wanke. To marina tun zamanin da suka gano cewa in aka saka shi a ruwa mai kaifin toka, aka bari ƙananan ƙwayoyin halitta da ke jikin ganyen suka cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, sai shunin ya juye ya koma wani abu mai narkewa wanda launin sa ma ba shuɗi ba ne, ruwan ɗorawa ne mai ratsin kore. A wannan halin ne yake shiga cikin zare. Kana fito da tufar iska ta buge ta, sai ya koma shunin sa na asali wanda baya narkewa, amma yanzu yana can cikin zaren a kulle ba hanyar fita. Shi ya sa zaka ga an fito da zane daga karofi, wato rijiyar rini, kore shar, kafin marini ya gama warware shi ya fara rikiɗa yana komawa shuɗi a gaban idon ka. Kenan a cikin durom ba ka son iska ko kaɗan, a waje kuma ita ce ke yin aikin gaba ɗaya.

Sai mu fara da tufar kanta domin nan mutane da yawa ke asarar wahalar su. Baba yana kama auduga sosai, yana kama saƙi na gargajiya, akoko, alawayyo, farar shadda ta auduga, yana kama siliki da ulu ma. Amma yadin roba irin foliyesta baya kamawa, sai dai ya ɗan yi dishi-dishi ya wanke. Kuma kasuwa yanzu ta cika da yadin da za a ce maka auduga ne alhali haɗi ne. Gwajin mai sauƙi ne, ka zare zare kaɗan daga gefen yadin ka kunna masa ashana, in ya ci da wuta yana warin takarda da ta ƙone ya bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa to auduga ce, in kuwa ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri yana warin leda to ka mayar wa mai shago kayan sa ko ka ɗinka shi a haka.

In ka samu audugar, kar ka ce ai sabuwa ce fara tas ba ta da datti. Sabon yadi yana ɗauke da sitaci da maiƙo daga masaƙa, ita kanta auduga tana da wani kakin ta na halitta, duk waɗannan suna hana ruwa shiga daidai, daga baya ka ga rinin ya fito dabbare-dabbare ka ɗora wa baba laifi. Ka tafasa yadin a babbar tukunya da sabulu da 'yar kanwa kamar awa ɗaya zuwa biyu, zaka ga ruwan ya koma kamar shayi, wannan duk abin da zai ɓata maka aiki ne ya fita. Ka ɗauraye sosai. In shadda ce mai sitaci da yawa ka maimaita.

Yanzu baba. Shuka ce 'yar gajeruwa mai ƙananan ganye, ana noma ta a ƙasar Hausa tun da daɗewa, akwai kuma talaki wanda ya fi yawa ta kudu, shi ne Yarabawa ke rina zanen su na adire da shi, shi ma yana ba da shuni iri ɗaya. Ana yankan baba ne daf da zai yi fure domin lokacin ne ganyen ya fi ƙarfi, a daka ɗanyen ganyen a turmi, a dunƙula a shanya ya bushe, wasu kuma sara shi suke da 'yan rassan sa a tara shi ya ɗan ruɓa sannan a busar. In ba ka da gona ka nemi busasshen a wurin marina ko masu sayar da kayan rini, kuma ka sayi da ɗan yawa, saboda shunin da ke cikin ɗanyen ganye yawanci ko kashi 1 cikin 100 na nauyin sa baya kaiwa. Ma'aunin da zan ba mai farawa shi ne kamar kilo 1 na busasshen baba ga kowace lita 10 ta ruwa, wato durom mai lita 60 zai ci wajen kilo 5 zuwa 6 tunda ba cika shi zaka yi har baki ba.

Durom ɗin ya zama na roba ko babbar randa, mai zurfi mai ƙaramin baki, ba baho mai faɗi ba. Kar ka yi amfani da tukunyar alminiyom, ruwan toka yana cin ta. Dalilin zurfin nan shi ne dai dalilin da ya sa rijiyoyin rini na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ake cewa tun 1498 ake aiki a wurin, suke da zurfin da ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba amma bakin su ɗan ƙarami: ruwa mai yawa, fuskar da iska ke taɓawa kaɗan, ga ƙasa ta rufe shi ta ko'ina zafin sa baya hawa da sauka tsakanin dare da rana. In kana da hali ka haƙa rami ka binne durom ɗin zuwa wuya, wallahi yana taimakawa ƙwarai musamman da hunturu. In ba hali ka naɗe shi da tsofaffin buhuna ko bargo ka ajiye inda rana ke samu.

Sai ruwan toka. Tokar itace zalla ko ta karan dawa da gero, wadda ba a ƙona leda ko shara a cikin ta ba, ka tankaɗe ta ka fidda gawayi, ka zuba a bokiti ka kwarara mata ruwan zafi ka juya ka bar ta ta kwana ta kwanta, da safe ka tsiyaye ruwan saman. Iyayen mu mata da ke tace toka don miya sun riga sun san wannan aikin, ka tambaye su. Alamar ya yi kaifi shi ne ka ɗiga a yatsu biyu ka murza ka ji santsi kamar sabulu. In ba ka ji santsi ba ka sake bi da wannan ruwan ta cikin sabuwar toka, ko ka ƙara 'yar kanwa. Wanda zai iya samun takardar gwajin pH, wato mai auna kaifin ruwa, a shagon kayan kimiyya to ya nemi tsakanin 10 da 11, gaskiya takardar nan tana rage wa sabon shiga zullumi sosai kuma ba tsada gare ta ba.

Ka ɗan jiƙa baban ka ɗauraye ƙurar sa, ka farfasa dunƙulen ka zuba a durom, ka bi shi da ruwan tokan yana da ɗumi ba tafasasshe ba, ɗumin da hannu zai iya zama a ciki. Ka juya ka rufe. Daga nan aikin ba naka ba ne kai kaɗai, na ƙwayoyin halittar nan ne, kamar dai daddawa ce, ka haɗa ka rufe ka ba ta zafin ta da kwanakin ta, in ka matsa mata ta lalace. Kullum sau ɗaya, safe ko yamma, ka sa doguwar muciya har ƙasa ka juya a hankali ka taso da abin da ya kwanta, ba bugu zaka yi ba, ba ka son kana tura iska ciki, juyi ne na zagaye sannan ka mayar da murfi. Bayan kwana biyu ko uku in ka ga shiru ba motsi, ka ba shi abinci: tafin hannu ɗaya ko biyu na dusa da aka dafa ta yi kamar kunu, ko dabino da aka tafasa aka tace ruwan sa. Zaƙin nan ne ƙwayoyin ke ci su ƙara yawa su cinye iskar. Kar ka zabga da yawa, zaƙi in ya yi yawa ruwan tsami yake yi, kaifin tokan ya faɗi, sai ka ji wari irin na ruɓa wanda ba shi ne warin karofi ba.

Eh akwai wari, kar in ɓoye maka, duk wanda ya taɓa wucewa ta marina ya san shi. Amma warin lafiyayyen baba daban da na wanda ya mutu, na farko yana da ɗan kaifi a hanci kamar na turken dabbobi, na biyun kuwa ɗoyi ne kawai. In ka ji ya fara karkata zuwa ɗoyi ka murza ruwan a yatsa, yawanci zaka tarar santsin ya ragu, sai ka ƙara ruwan toka mai kaifi ka juya ka bar shi ya kwana.

Yaushe ya nuna? Da zafin bazara yana iya nuna cikin sati ɗaya zuwa kwana goma, da sanyi yana iya kai wa sati uku ko huɗu, babu wanda zai yanke maka rana. Alamomin ne zaka bi. Kumfa mai launin shuɗi da shunayya za ta taru a tsakiya ba ta fashewa da wuri, saman ruwan zai yi wani yanayi mai ƙyalli kamar jan ƙarfe, in kuma ka ture wannan saman ka ɗebo ruwan ƙasa a farin kofi zaka gan shi kore-kore ko ruwan ɗorawa, ba shuɗi ba. Wannan na ƙarshen shi ne babbar shaida. In ruwan cikin shuɗi ne to bai nuna ba, duk abin da ka tsoma zai wanke. Ka gwada da ɗan ƙyalle fari jiƙaƙƙe, minti biyu a ciki, in ya fito kore ya juye shuɗi a iska kuma ka ɗauraye launin ya zauna, toh bismillah.

Kafin in shiga tsomawa bari in yi maganar gajeriyar hanya, domin na san wasu za su ce su ba su da sati uku. Akwai garin shuni na kamfani, wanda asalin sa wani masanin kimiyya Bajamushe Adolf von Baeyer ne ya gano yadda ake haɗa shi, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897, kuma shi ne ya karya noman baba a Indiya da sauran wurare cikin 'yan shekaru, shi ne kuma ake rina wandon jins da shi yau. A sinadari abu ɗaya ne da na ganye. Ana tada shi da soda mai ƙuna, wato kostik, da hodar nan da masu rini ke ce wa haidiro. Ga bokiti mai lita 10 na ruwan ɗumi kamar digiri 50 a ma'aunin Celsius, ka dama giram 25 na shunin da ruwa kaɗan ya zama kamar kunu ba gudaji, ka narka giram 25 na sodar a wani kofi daban, ka haɗa su a bokitin, sannan ka barbaɗa giram 40 zuwa 50 na haidiro ka juya a hankali ka rufe, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya zaka ga alamomin nan da na lissafa. Amma dan Allah a kiyaye: soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, tana tafasa ta fantsamo, tana cin fata tana makantar da ido. Safar hannu ta roba mai kauri, a waje inda iska ke kaɗawa, yara su yi nisa. Haidiro kuma a ajiye ta a rufe a busasshen wuri domin in danshi ya taɓa ta tana ɗaukar zafi har ta iya kama wuta. Kar ruwan ya wuce digiri 60. Kuma in an gama kar a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Ni dai ra'ayi na in kana da lokaci ka koyi na toka, ya fi sauƙin illa ga hannu da ƙasa, ruwan sa yana yin watanni ana aiki da shi, kuma shi ne namu, in ba a samu sababbin hannaye sun koya ba zai tafi da tsofaffin da suka iya.

In kana son zane-zane to kafin tsomawa ake ɗauri. A Kano mata ne a cikin gida suka fi yin wannan aikin su aiko wa marina. Ka tsinko yadin ka sa ɗan dutse ko ƙwallon dabino a ciki ka ɗaure wuyan sa da zaren buhu tamau, zai ba ka zobe fari. Ka ninke yadin kamar mafici ka ɗaɗɗaure a tsakani, zai ba ka ratsi-ratsi. Ko ka yi ɗinkin tsallake da allura da zare mai ƙarfi a kan layin da ka zana sannan ka ja zaren ya tattare ka ƙulle. Sharaɗin ɗaya ne, ɗaurin ya yi tsauri har yatsa ya yi zafi, in ya yi sako-sako ruwa zai shiga farin ya ɓace. Na farko dai ina ba ka shawara ka rina yadi ɗaya lami ba ɗauri dan ka ga yadda hannun ka yake.

Tsomawa. Ranar da zaka yi rini kar ka juya durom da safe, ka bar lakar ta kwanta. Ka kwashe kumfar saman a kwano ka ajiye gefe, in ka gama ka mayar da ita domin shuni ce zalla. Ka jiƙa yadin da ruwa ya jiƙu har ciki ka matse, busasshen yadi iska ce cike a cikin sa kuma baya shan rini daidai. Ka zura shi a hankali ta gefen durom kamar mai gudun kar ya tada wani daga barci, ba jefawa ba, kuma ka riƙe shi a ƙarƙashin ruwa kana mulmula shi da yatsu kana buɗe ninkin sa dan ruwa ya ratsa ko'ina, kar ya leƙo sama kar kuma ya taɓa lakar ƙasa, in ya taɓa zai fito da tabo. Wasu suna saka kwando ko raga a ciki dan ya tare. Minti uku zuwa biyar ya isa a na toka, a na haidiro ma minti ɗaya zuwa uku. Da zaka fito da shi ka matse shi tun yana ƙarƙashin ruwan, ka zaro shi ta gefe, kar ka ɗaga shi sama ruwa na zuba yana tartsatsi a cikin durom, kowane ɗigo iska yake kai wa ciki, sauran ruwan ka matse a wani bokiti daban.

Sai ka warware shi ka baza a igiya ko ka riƙa kaɗa shi. Ka buɗe duk wani lungu da ninki, duk inda ka ga saura kore to iska ba ta kai ba tukuna. Ka ba shi aƙalla minti goma zuwa sha biyar, ko ka ce lokacin da ya yi a waje ya fi wanda ya yi a ciki, har sai babu kore ko ɗis. Sannan ka mayar. Nan ne gaggawa ke cin mutane, sai su ga ai in na bar shi awa ɗaya a ciki zai fi yin duhu, alhali ruwan da ke saka shuni shi ne kuma ke narkar da wanda ya riga ya zauna, in ya daɗe a ciki yana ba ka da hannun dama yana karɓewa da hagu. Haka wanda ya cika garin shuni dan ya samu duhu a tsomi ɗaya, zai samu duhun amma a saman zare ya taru, ranar wanki ya bi ruwa, kafin nan kuma ya shafe masa jiki da farar singileti. Tsomi biyu zuwa uku zai ba ka shuɗin sararin sama, biyar zuwa takwas shuɗi sosai, in kana son mai duhun nan da ke kusa da baƙi sai ka haura goma har sha biyar ko fiye, kuma ba dole a rana ɗaya ba, gara ma ka raba shi kwana biyu ko uku, yadin ya kwana a shanye, shi ma durom ɗin ya huta. Ka tuna jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu sosai, kuma wanki zai ɗan rage, dan haka in ka ga ya kai yadda kake so ka ƙara tsomi biyu.

Durom yana gajiya. In ka yi ta aiki zaka ga ruwan ya fara komawa shuɗi, ƙyallin saman ya ɓace, yadi na fitowa ba kore ba, to ka tsaya haka nan. Ka mayar da kumfar, ka ɗan ba shi ruwan dusa ko na dabino, ka duba santsin sa in ya ragu ka ƙara ruwan toka, ka juya sau ɗaya ka rufe zuwa gobe ko jibi. Na haidiro kuma ɗan cokali ɗaya na hodar da ɗan ɗumi ke tada shi.

Wani abin da ke burge ni shi ne duk duniya wannan wahalar ɗaya ce. Turawan Ingila da Faransa da Jamus kafin baban Indiya ya wadata a wurin su wata shuka suke nomawa mai ba da shuni iri ɗaya amma mai rauni, su ma daka ganyen suke su dunƙula su busar su tsima shi da toka, garuruwa irin su Tulus a Faransa da Erfurt a Jamus da kuɗin ta suka yi arziki, har da baban Indiya ya fara shigowa ta teku bayan 1498 sai da aka kafa dokokin hana shi dan kare manoman gida. A tsohon Turancin Ingila ma shuɗin nan mai duhu inde suke ce masa, daga sunan Indiya. Mu kuwa a nan ba mu jira kowa ba, lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar rinannen tufafin Kano na tafiya har Timbuktu da ƙetaren Sahara.

In ka gama tsomi na ƙarshe ka bar yadin ya sha iska sosai, in da hali ya kwana. Sannan ɗauraya, ruwa bayan ruwa har sai ya fara fita garau, in akwai ɗauri ka ɗauraye tukuna kafin ka kwance, ka kwance da reza a hankali kar ka yanki yadin, sannan ka sake ɗaurayewa. Daga nan ka jiƙa shi kamar minti goma sha biyar a ruwan da aka sa ɗan ruwan tsamiya ko lemon tsami ko binega, wannan yana kashe kaifin tokan da ya rage wanda in an bar shi yana cin zare yana sa yadi ya yi ƙarfi. Sai wanki da sabulu mara kaifi a ruwan ɗumi, a shanya a inuwa. Za ka ji ana cewa a sa gishiri dan launi ya zauna, gishiri baya yi wa baba komai, abin da ke zaunar da shi iska ce da kuma wanke wanda bai shiga zare ba.

Sheƙin da ke jikin ɗan Kura da turkudi kuwa ba daga durom yake ba, aikin mabuga ne. Ana ninke tufar tana da ɗan danshi a ɗora a kan gungumen itace mai santsi a yi ta bugu da manyan sandunan bugu har zaren ya kwanta ya yi sumul, ga na turkudi kuma ana ƙara garin shuni a buga shi a jiki, shi ya sa yake ƙyalli kamar ƙarfe kuma yake shafar fatar mai sa shi, su Buzaye ma hakan suke so. In kana kusa da masu bugu ka kai musu kawai, kuɗin ba yawa kuma hannun su ya saba. In ba ka kusa, turmi a kife da taɓarya mai santsi za su ɗan yi maka, sai dai ka shimfiɗa wani tsohon ƙyalle a ƙasa kuma ka riƙa juya ninkin dan kar wuri ɗaya ya sha bugu ya huje.

Wankin farko da na biyu da na uku ka ware shi daga fararen kaya, kar ka sa masa bilic, kar ka bar shi a ninke a inda rana ke haska gefe ɗaya domin bakin ninkin zai koɗe ya bar layi. Shi kuma durom in ya ƙare gaba ɗaya, ka ciyar da shi ka ƙara toka amma ya ƙi tashi kuma ƙyallen gwaji na fitowa fari-fari, to shunin ne ya ƙare. Kar ka zubar da lakar ƙasan, ita ce katsi. Marina suna kwashe ta su dunƙula su busar su ƙona, su mayar da ita cikin sabon haɗi tare da toka, da ita kuma ake haɗa laso da ake shafe cikin rijiyar rini dan kar ta yi yoyo. Ka busar da taka ka adana, kuma ka rage kamar bokiti ɗaya na tsohon ruwan in bai yi ɗoyi ba ka zuba a sabon haɗin, zai sa ya nuna da wuri fiye da na farko.